Direban da ya ƙi taka birki

An yi wani mutum a nan ƙasarmu ta Adar. Ba a zamanin kakanni ba, a zamanin nan namu na waya da moto, wato babur. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi sunan garinsu ba, don yana da dangi, kuma dangin ba su yi wa kowa laifi ba. Ku dai sani garin yana tsakanin Madawa da Buza, kuma ba mamaki wasu daga cikinku sun taɓa shiga motarsa.

Ɗan manoma ne. Ubansa ya rasu yana ƙarami. Uwarsa, wadda kowa ke kira Iya, ita ta rene shi da surfen mutane da ɗan geron da gonar dutse ke bayarwa. Da ya tasa, ya tafi biɗa Abijan kamar sauran samarinmu. Ya yi dako, ya yi wankin mota, ya koyi tuƙi. Ya daɗe can, sa'an nan ya dawo da permi, wato lasin tuƙi, a aljihu da mota mai buɗaɗɗen baya.

Allah ya buɗa masa. Daga mota guda ya zama mai motoci. Yau kasuwar Tabotaki, gobe ta Galma, jibi ya nufi Keita, yana ɗaukar 'yan kasuwa da albasa da dabbobi. Direbobin gari suka naɗa shi shugaban sandikarsu, wato ƙungiyarsu. Ya rushe ɗakin lakar Iya ya gina mata na siminti.

Ya 'yan uwa, kada ku zaci zan ba ku labarin mashayi ko mai bin mata. Mutumin nan ba ya shan komai sai shayi. A sahun gaba yake salla. Shi ya sayi tabarmin masallacin unguwarsu, shi ya ɗora pano mai ɗaukar hasken rana a kan rufin don lasifika ta riƙa samun wuta. Laifinsa guda ne, kuma laifi ne da yawancinmu ba mu lissafa shi cikin zunubai. Idan ya zauna bayan sitiyari, mai tafiya ƙasa ba mutum ba ne a idonsa. Abin da ya tare masa hanya ne kawai.

Babbar hanya tana zagaye garin ne ta gabas. Amma akwai wani titi da ya ratsa tsakiyar unguwarsu, wanda a da rairayi ne da ramukan da ruwan damina ke ci, jaki ma da ƙyar yake bi. Da aka zuba masa latarit, jar ƙasa mai tsakuwa, aka daidaita shi, mutanen unguwa suka yi murna. Ba su san an buɗe wa motoci gajeriyar hanya ba ne. Titin nan ƙofofin gidaje ne dama da hagu. Famfon unguwa yana bakinsa. Lakkol, makarantar boko, tana gefe guda, gidajen yawancin yaran suna ɗaya gefen. Tsoho ba ya zuwa masallaci sai ya ƙetare shi.

Mutumin nan shi ya fara ratsa shi da gudu, sauran direbobi suka bi sawunsa. Tun daga bakin gari yake danna ƙaho, ba ya ɗaga hannu sai ya fita ta ɗaya bakin. A wurinsa ƙaho ya sauke masa nauyi. Wanda ya ji ya kauce. Wanda bai ji ba, ruwansa.

Kurma fa? Jaririn da ya fara rarrafe ya fito zaure fa? Tsohuwar da gwiwarta ba ta bin umarninta fa? Bai taɓa tambayar kansa ba.

Da kaji aka fara. Aka zo kan awaki. Idan mai akuya ta fito tana kuka, ba ya sauka. Ya zuge gilashi ya jefa mata abin da ya ga dama, ya wuce. Mutane suka ce ai yana biya, mutumin kirki ne.

A bakin titin akwai wani tela mai suna Mu'awiya. Rumfarsa tana jikin gidansa. Mutum ne mai sanyin magana, ba a taɓa jin sa da kowa ba. Matarsa Hindatu, 'yarsu ta fari Nasiba, yarinya mai wayo da ta fara zuwa lakkol. Wata safiya uwar ta aike ta famfo da ɗan bokiti. Ta ɗebo ruwan, ta ɗora a ka, ta kama hanyar gida. Yaro mai ruwa a ka ba ya iya waiwaye da sauri, kun sani. Motar mutumin nan ta zo da lodin albasa ta kwashe ta.

Ba ta mutu ba. An kai ta gidan likita Madawa, ta yi jinya mai tsawo. Ƙafar dama ta ɗoru a karkace, ta fi 'yar uwarta gajarta. Yarinyar da ke tsere da ƙawayenta ta dawo gida tana dogara sanda.

Tun tana kwance manyan gari suka taru a zauren Mu'awiya. Kun san irin zaman, kun sha yin sa. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka ce ƙaddara ce. Aka ce maƙwabci ne, ɗan unguwa ne, ya ɗauki nauyin magani, kada a kai maganar gaban hukuma a ɓata zumunci. Mutumin nan yana zaune a gefe, yana juya makullin mota a yatsa.

Mu'awiya ya saurare su har suka gama. Sa'an nan ya ce, "Na yahe. Amma ina roƙon abu guda. A bar mu mu yi tudu bisa hanyag ga, mota ta riƙa rage gudu. Ɗiyata ta samu nata rabo. Kada ɗiyan wani su samu."

Kowa ya ce wannan magana ce mai kyau. Mutumin ma ya gyaɗa kai. Hindatu tana bayan zana tana jin su. Ba wanda ya tambaye ta ko ta yafe.

Mu'awiya bai bar maganar ta kwanta ba. Ya rufe rumfa, ya bi mai unguwa, wani dattijo da ake kira Ɗangana, suka yi ta zuwa meri, ofishin magajin gari, har aka ba su izini. Aka kafa allo a kowane bakin unguwa, an rubuta kada mota ko moto su wuce gudun talatin. Aka yi gayya. Samari suka ɗebo duwatsu da amalanke, mata suka kawo ruwa da fura, aka ja tudu a gaban lakkol, aka ja wani a gaban famfo, wani kusa da masallaci. Aka shafa musu farar ƙasa don a hango su daga nesa.

Unguwa ta huta. Tsofaffi suka dawo da tabarminsu ƙofar gida. Uwaye suka daina tsayuwa a zaure da hannu a ƙirji idan lokacin tashin lakkol ya yi.

Mutumin nan kuwa abin ya tsaya masa a wuya. Ya ce tudun suna karya masa ƙafar mota. Ya ce albasa na zubewa. Ya ce kafin ya isa kasuwa wasu sun kwashe fasinja. Amma ba wannan ne ya fi ci masa rai ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya taka birki a gaban rumfar tela, tela yana kallonsa. Shi da ya ga Abijan, shi da direbobi ke tashi tsaye idan ya shigo tasha, a ce mai ɗinkin wando ne zai koya masa tuƙi?

Rana tsaka ya zo, ba a ɓoye ba. Ya kawo 'yan lodin tasha da diga da shebur, ya tsaya ya riƙe ƙugu, suka tone tudun ɗaya bayan ɗaya suka watsar da duwatsun gefe. Allon kuwa ya sa aka tumɓuke aka jingine a bayan wani kango.

Ɗangana ya fito da sandarsa, ya ce, "Haba ɗana, da izinin hukuma munka yi su."

Ya ce, "Baba, hanya ta mota ta. Wanda ke son ɗiyanai shi ɗaure su cikin gida."

Ya 'yan uwa, maza nawa ne a unguwar nan? Sun isa su cika masallaci har a yi sahu a waje. Suna tsaye suna kallo. Ba wanda ya riƙe digar nan. Ba wanda ya ce gobe zai raka mai unguwa meri a kai ƙara. Wannan yana tunanin wa zai kai masa albasa kasuwa. Wancan ɗansa yana aiki a motar mutumin. Wasu kuma kunya ce ta tabarmin da suke ɗora goshi a kai. Da yamma suka bi shi sahu, ya yi musu gaisuwa, suka amsa.

Mu'awiya ya ga an bar shi shi kaɗai. Bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ya yanki jan ƙyalle cikin ragowar ɗinki, ya ɗaura a kan kara. Duk lokacin da yara za su shiga lakkol ko za su tashi, sai ya dakatar da keke, ya fito tsakiyar titi ya ɗaga ƙyallen, ya tsayar da abin hawa har yaran su ƙetare. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke biyansa. 'Yarsa ma ba ta cikin masu ƙetarewar, don ta daina zuwa, yara suna kwaikwayon tafiyarta.

Masu moto suna tsayawa. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, baƙi suna tsayawa, har su ɗaga masa hannu. Mutumin nan kuwa sai ya mai da abin wasa. Ya sa masa suna jandarman unguwa. Idan ya hango jan ƙyalle, maimakon ya rage sai ya ƙara wuta, ya nufo shi kai tsaye. Mu'awiya ya daka wa yara tsawa su koma baya, shi kuma ya yi tsalle gefe, wani lokaci har ya faɗi cikin ƙura, hularsa ta gangara. Mota ta wuce, fasinjojin baya suna dariya.

Suna dariya, ya 'yan uwa. Musulmi, masu 'ya'ya a gida. A tasha ma labarin da ake yi ke nan a bakin mai shayi, yadda tela ke tsalle.

Hindatu ta roƙi mijinta ya bari. Ta ce, "Malam, mutumin ga ba shi da niyyar tsayawa. Ɗiyan da kaka ƙetarwa, ina uwayensu maza?"

Ya ce, "In na bari, wa za ya tsaya?"

Ta koma ɗaki.

Ana gab da Babbar Salla, lokacin da kowane direba ke neman ya yi sawu biyu a inda yake yin ɗaya. Mutumin nan ya taso daga kasuwar Tabotaki, bayan mota cike da raguna da masu su a zaune kan ƙarfe. Iya ta je bikin suna can wajen danginta, sai ya ɗauko ta, ya sa ta gaba kusa da shi. Suka iso bakin gari daidai lokacin da aka tashi yara cin abincin rana.

Daga nesa ya hango jan ƙyalle. Iya ma ta hango. Ta ga yara sun riga sun shigo titi a bayan telan, ƙanana, wasu riƙe da hannun juna.

Ta ce, "Rage, ɗan nan. Ga ɗiya bisa hanya."

Ya yi dariya. Ya ce, "Iya, tsaya ki ga tsallen tela." Ya ƙara taka mota.

Mu'awiya ya ji ƙarar, ya san ko wane ne. Ya waiwaya. Yaran sun yi nisa da wancan gefe, ba su kai wannan ba. Idan ya yi tsalle, su motar za ta samu. Ya yar da karan, ya juya ya tura na kusa da shi da hannu biyu, yana ihu su gudu. Bai kauce ba.

Da mutumin ya gane yau ba tsalle, ya taka birki da duk ƙarfinsa. Amma mota mai lodi a kan tsakuwar latarit ba ta tsayawa don an roƙe ta. Ta ja ƙafa ta tafi da shi. Ta bugi Mu'awiya, ta bi ta kansa, sai da ta daki katangar lakkol ta tsaya. Raguna suka zube, mutane suka zube. Yaro guda ya karye a hannu. Sauran Allah ya tsare su.

Nasiba tana zaune a ƙofar gida, sandarta a kan cinya. A gabanta aka yi.

An ɗauki Mu'awiya da sauran numfashi, amma bai kai gidan likita ba. Mutumin nan ko duba shi bai tsaya yi ba. Ya buɗe ƙofa ya bar uwarsa cikin mota, goshinta na jini, ya ruga wurin jandarmomi don kada jama'a su taɓa shi. Kafin ya isa ya riga ya shirya abin da zai faɗa. Ya ce birki ne ya ƙi. Ya ce tun daga bakin gari yake takawa, mota ba ta amsa ba. Ya rantse.

Aka tambayi fasinjojin baya. Suka ce su ƙura ta rufe musu ido, ba su ga komai ba. Waɗanda suka sha yin dariya a da, yau duk sun makance.

Bayan an yi jana'iza, manyan gari suka sake shirin zama irin na farko. Birki ya ƙi, to wa ke da iko a kan ƙarfe? Ƙaddara ce. Saura mutum guda da jandarmomi ba su ji daga bakinta ba, wato Iya, wadda ke zaune a gaban mota. Ƙannen mijinta suka zo mata. Suka ce ta ce ita tsohuwa ce, barci take yi. Suka ce ɗa guda gare ta, shi ke ci da ita, shi ke ci da su duka. Ta saurare su, goshinta ɗaure da tsumma.

Ku sa kanku a matsayinta. Ita ta yi surfe har hannunta ya yi kanta don yaron nan ya ci. Ita ta yi shekaru tana duban hanya yana Abijan. Kalma guda za ta faɗa ya kwana gida. Kuma ita ce ta ji abin da ya ce, da kunnenta, ta ga fuskar telan lokacin da ya juya wa motar baya.

Da aka kai ta, ɗanta yana zaune kan benci a gefe. Babban jandarman ya ba ta kujera, ya tambaye ta cikin ladabi abin da ta gani.

Ta ce, "Birki lahiya lau shike. Na ce mishi shi rage, yay yi dariya, yac ce in tsaya in ga tsallen tela. Sa'an nan yaƙ ƙara gudu."

Ɗan ya miƙe. Ya ce, "Iya! Ni na hwa, ɗanki!"

Ba ta dube shi ba. Ta ce, "Na sani. Ni na haihe ka. Amma ni kaɗai za a sa cikin kabarina."

Aka kai shi Madawa gaban alƙali. Da maganar uwa ta fito, bakin wasu ma ya buɗe. Aka faɗi zancen tudun da ya tone, aka faɗi zancen Nasiba, aka faɗi wasan da ya saba yi. Aka yanke masa shekaru a kaso.

Daga nan komai ya bi. Motar da ta yi kisan ba wanda ya yarda ya saya, tana nan ta ruɓe a inda aka ja ta aka ajiye. Sauran motocin, direbobinsa suka yi ta gudu da su ba mai duba, yau wannan ta lalace, gobe waccan, dangi suka sayar da abin da ya rage suka ce hidimar shari'a ce ta ci. Sandika ta naɗa wani tun bai yi nisa a kaso ba. Matarsa ta kwashi 'ya'ya ta koma gidansu Ibohaman, don ba ta iya zuwa famfo, mata na ganinta sai su yi tsit.

Tudun kuwa, ya 'yan uwa, tun ba a share makoki ba aka mai da su. Gari duka ya fito. Direbobi da kansu suka kawo duwatsu a motocinsu. Aka ɗauko allon daga bayan kango aka wanke aka kafa. Ashe ana iyawa. Ashe ba wuya. Maza ɗin nan da suka tsaya suna kallo ranar da aka tone, su ne suka fi kowa zufa ranar da aka mayar. Sai da aka ba su gawa tukuna.

Iya ba ta ƙara kwana a ɗakin siminti ba. Dangin mijinta sun ce ta kashe ɗanta da bakinta, sun daina gaishe ta. Gidan Hindatu kuma yana kallon nata, ba ta iya fitowa ta ga marayun. Ta ɗaure kayanta ta koma ƙauyensu wajen Tabotaki, ɗakin wata ƙanwarta. Ba ta je kaso ta gan shi ba, amma duk wanda za shi Madawa sai ta ba shi ƙullin gari da ƙuli-ƙuli ya kai masa. Shi kuwa ya aiko a gaya mata ba shi da uwa. Da wannan saƙon ta rasu. Yana tsare aka rufe ta.

Da ya fito, ba wanda ya tarye shi. Ya rame, furfura ta fito masa. Ya je tasha neman wanda zai ba shi mota ya tuƙa. Yaran da ya koya wa aiki suka ba shi shayi, suka ce a dawo gobe. Wani ya tausaya ya ba shi, fasinja suka leƙa suka ga wanda ke gaba, suka sauke kayansu.

A nan ne ya fara tunanin Lahira. Ya je ƙauye ya nemi kabarin Iya, aka nuna masa, ya yi kuka har ya gaji. Sa'an nan ya roƙi Ɗangana, wanda tsufa ya kusa kwantar da shi, ya raka shi wurin Hindatu.

Suka same ta tana tankaɗe. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gidan, da ɗan wainar da take soyawa da safe. Keken ɗinkin yana zaure, Nasiba ce a kai, ta zama budurwa, tana taka shi da ƙafar hagu. Mutumin ya durƙusa a ƙasa. Ɗangana ya yi magana mai tsawo a kan falalar yafiya. Hindatu ta bari ya gama.

Ta ce, "Baba, na ji. Ran da anka karya min ɗiya, kun zo kun yahe mishi, ba ku tambaye ni ba. Da kun bari anka hukunta shi ran nan, da yau mijina na zaune cikin rumhwa tai. Yau da kuka buƙata ta kun san ƙohwata."

Mutumin ya ce, "Hindatu, don Allah. Ban yi nuhin kashe shi ba."

Ta ce, "Na yarda. Nuhinka ka wulaƙanta shi, ɗiyan mutane na bayanai. Tashi ka tahi. Ba ni zagin ka, ba ni yi maka baki. Amma ban yahe ba. Mu haɗu can, shi ma yana nan, ka roƙe shi da kanka."

Ta ci gaba da tankaɗenta. A zaure keke bai tsaya ba.

Kada wani ya ce ta yi laifi. Yafiya alheri ce babba, kuma muna kwaɗaitar da ita. Amma hakkinta ne, ba a ƙwatar sa, ba a yafe shi a madadinta.

Bai iya zaman garin ba. Ya bi masu zuwa haƙar zinariya can arewa, bayan Agadas. Ba a ƙara jin duriyarsa ba sai da wani ɗan Buza ya dawo ya ce zazzaɓi ya kama shi a bakin rami, ya yi kwanaki yana sambatu, ya cika. Waɗanda suka binne shi ba su san garinsu ba sai daga baya. Haka ya tafi, da jinin mutum a wuyansa, da ƙafar yarinya, da saƙon da ya aika wa uwarsa.

Ya 'yan uwa, me ya kai shi? Ba giya ba, ba sata ba. Ɗaga ƙafa daga kan totur na ɗan lokacin da bai kai shan kofin shayi ba, shi ne ya gagare shi. Girman kai ne ya hau mota tare da shi.

To ku da kuke zaune nan, kada ku yi ta girgiza kai kamar labarin wani ne. Kai mai moto da ke ratsa lungu kana duba waya, me ya raba ka da shi? Ranarka ce ba ta zo ba kawai. Kai ɗan kabu-kabu da ke bi ta gefen tudu, ta ƙofar gidan mutane, don kada ka rage, wa kake tsammani zai fito daga zauren nan? Kai uban da ka miƙa wa yaro makulli ƙafarsa ba ta ko kai ƙasa, kana alfahari ya iya, ranar da ya take ɗan maƙwabci wa za a tambaya? Kai fasinja mai cewa direba ya taka kasuwa za ta watse, kana da kaso a abin da ya biyo baya. Kai mai tebur da ka baje kayanka inda mutane ke bi da ƙafa, ka tura mata da yara tsakiyar titi, kai ma haka.

Ku kuma dattawa, ku ji tsoron Allah da kalmar ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba a ba mu ita don mu lulluɓe ganganci ba. Wanda ya shiga unguwa da gudun daji ya zaɓa ne. Idan kuka rufa masa asiri a karo na farko, ku kuka ba shi izinin na biyu.

Titin unguwa ba naka ba ne kai mai ƙarfe. Tsakar gida ce ta mutanen da ke zaune a bakinsa. Da ka ga ƙofofin gidaje, rage, ko da allo ko babu. Inda aka ce talatin, kada ka wuce. Inda babu tudu, ku tashi ku je meri ku nema, ku yi gayya ku gina tun kowa yana da ransa. Wanda ya zo tonewa, ku riƙe hannunsa, ko shi ya gina masallacin gaba ɗaya. Idan kuka ga mutum guda ya tsaya yana ƙetar da yaranku, kada ku bar shi shi kaɗai.

Salla ba ta wanke jinin bawa. Tabarmar masallaci ba ta biyan ƙafar yarinya. Abin da ke tsakaninka da Ubangijinka, ka tuba ya gafarta maka. Abin da ke tsakaninka da mutum yana nan yana jiranka, sai mai shi ya saki.

Ya Allah, kada ka sa ajalin wani a ƙarƙashin ƙafarmu. Ka cire mana girman kai a ƙasa da bisa abin hawa. Ka ji ƙan Mu'awiya, ka ji ƙan Iya, ka dubi marayu da idon rahama. Ka mai da yaranmu gida lafiya duk lokacin da suka fita. Allah ya kiyaye mu da ɗaukar hakkin da ba mu iya saukewa. Amin.